Kafin a Zaɓi Babbar Manhajar Uwar Garke, a Duba Ranar da Facinta Zai Ƙare

A Abuja, a asibitoci masu zaman kansu da dama da ke Garki, da otel-otel na Wuse, da ƙananan bankunan da suka bazu har Gwarinpa da Kubwa, akwai wani ɗaki mai sanyi wanda ba kowa ke shiga ba. A ciki ake ajiye uwar garke, kwamfutar da ba ta kwana, wadda ke riƙe da albashin ma'aikata da bayanan marasa lafiya da lissafin masu bashi. Duk sa'ad da aka tashi sayen sabuwa, gardamar da ke cinye zaman ita ce ko a ɗora mata Windows Server ko ɗaya daga cikin dangin Linux. A ganina an fara da tambaya ta biyu. Ta farko ita ce har zuwa wace rana masu manhajar suka ɗauki alkawarin ci gaba da toshe ɓarakarta, kuma wane ne a ma'aikatar zai riƙa ɗora facin idan ya fito.

Babu babbar manhajar da ake gama rubuta ta ba tare da kura-kurai ba, kuma wasu kura-kuran ƙofa ce ga masu kutse. Idan aka gano ɓaraka, kamfanin ya fitar da faci, daga nan sai tsere ya fara, domin facin da kansa yana nuna wa ɓarawo inda katanga ta tsage. Abin da ya faru a 2017 ke nan. Microsoft ya fitar da faci ranar 14 ga Maris, amma ranar 12 ga Mayu manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin dubban marasa lafiya. Wata biyu magani na ajiye, ba a sha ba. Wanda kuwa manhajarsa ta wuce wa'adi, ko yana so ba zai samu facin ba, sai dai ya sayi ƙarin tallafi mai tsada na ɗan lokaci. Windows Server 2008 ta fita daga kulawa a Janairun 2020, ta 2012 kuma ranar 10 ga Oktoban 2023. Uwar garken da ke kan ɗayansu a yau za ta kunnu lafiya lau, ta buga rasit, ta fitar da rahoto, kuma wannan lafiyar ta zahiri ce ke sa mai kamfani ya ce a bar ta tunda ba ta yi ƙorafi ba.

Masu son Linux kan ɗauka wannan matsalar maƙwabta ce. Ba haka ba ne. Shekaru da dama CentOS ce zaɓin masu son ingancin Red Hat ba tare da biyan kuɗi ba, sai a Disambar 2020 aka sanar cewa CentOS 8, wadda aka sa ran za ta kai 2029, za ta tsaya a ƙarshen 2021. CentOS 7 ma ta bi sahu ranar 30 ga Yunin 2024. Dole mutane suka yi ƙaura zuwa Rocky Linux ko AlmaLinux ko wani wuri, waɗanda ba su yi ba kuma suna zaune a gidan da babu mai gyara. Haka nan kasancewar kowa na iya karanta rubutun manhajar bai hana a ɓoye mugun abu a ciki ba. A Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano ƙofar sirri da aka dasa a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita, bayan ya lura shiga na'urarsa ya yi ɗan jinkiri. An tare ta kafin ta shiga fitowar da kamfanoni ke amfani da ita. Abin da ya sa Ubuntu mai dogon wa'adi da Red Hat suka dace da kasuwanci shi ne alkawarinsu a rubuce yake: Ubuntu na fitar da irin wannan kowace shekara biyu a watan Afrilu da facin shekara biyar kyauta, Red Hat kuma na ba da shekara goma ga mai biya.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a Abuja ita ce ta kuɗi, kuma ba ta raini ba ce. Da dala ake ƙiyasta lasisi, dala kuwa da take wajen naira 460 kafin a saki farashinta a Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ga kuɗin wuta, ga dizal. Wannan ne ke tura wasu ga kwafin sata, wanda shi ne zaɓi mafi muni duka, domin manhajar da ke fasa lasisin sai an ba ta cikakken iko a kan na'urar, kuma babu wanda ya san me aka cusa mata. Wasu kuma sukan ruga Linux saboda kyauta ce. Manhajar kyauta ce, injiniyan da ya iya ta ba kyauta ba ne, kuma a wannan zamani da ƙwararru ke tattara kayansu zuwa Ingila da Kanada, kamfanin da mutum ɗaya tak ya san kan uwar garkensa yana cikin hatsari ko da wace manhaja yake amfani. Idan manhajar lissafin kamfani a kan Windows kaɗai take aiki, kuma ma'aikatan da ake da su ita suka sani, sayen lasisi na halal ya fi arha a kan tilasta musu abin da ba za su iya kula da shi ba. Idan shafin intanet ne ko rumbun bayanai, kuma akwai hannu biyu ko uku da suka ƙware, Debian ko Ubuntu sun wadatar. Lissafin ya ƙara sauyawa tun da aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai a Yunin 2023. Dokar ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, kuma tarar manyan masu riƙe bayanai na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa.

Akwai masu cewa facin ma yana kashe na'ura, suna nuni da 19 ga Yulin 2024, ranar da sabuntawar kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da na'urorin Windows miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi. Gaskiya ne. Sai dai waccan ɓarnar an gyara ta, bayanai kuma na nan, wanda aka yi garkuwa da bayanansa kuwa ba shi da tabbacin ganin su ko ya biya fansa. Darasin shi ne a gwada faci a wata na'ura kafin a kai shi ga uwar garke, a kuma ajiye kwafin bayanai a wurin da ba ya haɗe da ita, a riƙa gwada dawo da shi.

Hayar uwar garke a cibiyar adana bayanai, irin ta Galaxy Backbone da ke yi wa ma'aikatun tarayya hidima tun kafuwarta a 2006, ko a wurin Amazon da Microsoft, tana ɗauke wa kamfani wahalar janareta da sanyaya ɗaki. Amma a hayar da aka fi yi, ɗora faci a kan babbar manhajar yana wuyan ɗan haya ne, kuma yankewar wayoyin ƙarƙashin teku ranar 14 ga Maris 2024 ta nuna wa bankunan Najeriya abin da nisa ke jawowa. Don haka duk kwangilar sayen uwar garke ko hayarta ya kamata ta ɗauki ranar ƙarewar tallafi da sunan mai ɗora faci. Masu Windows Server 2016 su ne na gaba a layi, domin wa'adinta zai cika ranar 12 ga Janairun 2027, kuma ƙaurar rumbun bayanan asibiti ko banki aiki ne na watanni da ke buƙatar gurbi a kasafin kuɗi tun kafin lokacin.