Ruwa Ne Babban Abokin Gaban Motar Gas A Kurmi

Duk wanda ya yi sammako ya je kasuwar Mil 12 a Ikko, ko Bodija a Badun, zai ga ƙananan motocin kaya suna shiga suna fita, wannan da kwandunan tumatir, waccan da buhunan albasa. Da yawa cikin masu tuƙa su 'yan'uwanmu ne 'yan Arewa, waɗansu kuwa da motar fetur suka koyi tuƙi, sai da suka zo nan suka kama mai shan gas, watau dizal. To, halin motocin nan biyu ba ɗaya ba ne.

Injin gas ba shi da kafireto, ba shi da fulogi mai ba da tartsatsi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan nozul ya fesa mai a ciki, ya kama da kansa. Injunan Toyota Hiace da ake kira 2L da 3L da 5L sukan matse iska kamar ninki 22. Famfon da ke tura man, wanda kanikawa ke ce wa injekta, kayan cikinsa masu laulayi ne, kuma gas ɗin da ke bi ta ciki shi ne ke sa su santsi. Idan ruwa ya gauraya da shi, sai tsatsa da gogayya su cinye su. Haka nan gas ɗin da aka yi wa algus da kananzir, don kananzir ba shi da maiƙon da famfon ke bukata.

Ta ina ruwa ke shiga? Mafi yawa daga duro da jarkokin 'yan bumburutu da suka kwana a ruwan sama. Akwai kuma raɓar da ke taruwa cikin tankin da ya kwana ba mai sosai, ga shi iskar Kurmi cike take da laima. Alamarsa, mota ta riƙa sarƙewa, inji na rawa, in an zo hawa ta kasa ja. Maganin kuwa ba ya cin ko kwabo. Ruwa ya fi gas nauyi, saboda haka yakan kwanta a gindin filtar mai. A kwance ɗan makunnin da ke ƙasa, a danna famfon hannu da ke sama har ruwan ya tsiyaye, sai a mayar a ɗaure. Akwai fitilar da ke kamawa gaban direba in ruwan ya taru. Abin mamaki, wani direban sai ya manna mata takarda don kada ta dame shi.

Da wannan famfon hannu ake korar iska idan mai ya ƙare a hanya, ko an sauya filta. Wanda bai sani ba sai ya yi ta murɗa makulli har batir ya mutu, kik ya ƙone.

Na biyu shi ne ambaliya. Da damina titunan Ikko kan koma kogi, direba ya ga babbar mota ta wuce, shi ma ya danna. Ita iska tana matsuwa, amma ruwa ba ya matsuwa. In inji ya zuƙi ko kofi guda, fistin zai buge shi, sandar da ke riƙe da fistin ta lanƙwashe. Malam direba, in motarka ta mutu cikin ruwa, kada ka sake ta da ita. A tura ta waje, bakanike ya cire hita fulogi, ya juya inji ruwan ya fita, a duba filtar iska, a sauya baƙin mai.

Na uku kuma rashin ruwan ne. Injin Hiace a ƙarƙashin kujera yake, ɗaga kujerar kan yi wa mutane ƙiwa, sai a kwana biyu ba a leƙa ba. Ga gosulo, mota na tsaye iska ba ta dukan lagireto. Fanbel ya saki, ko tiyo ya tsage, ko ruwan rijiya ya toshe lagireto da tsatsa, kafin a farga allura ta kai ja. Zafi ɗaya ya isa ya ƙone gasket, ko ya tsaga kan inji. Za ka gane in ka ga kumfa na tasowa a lagireto, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko farin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya ɗumama. Kada a buɗe marfin lagireto da zafi, tururin na saɓule fata.

Sauran hayaƙi ba wuyar karantawa. Baƙi, filtar iska ta toshe ko nozul ya lalace. Shuɗi, inji na shan baƙin mai.

Saura tayimin bel. A injunan 2L da 3L ana sauya shi ne a kilomita 100,000, in kuwa ya tsinke ana tafiya, fistin da bawul za su yi karo. Wanda ya sayi mota 'yar Kwatano kada ya amince da lambar da ya gani a mita, ya sa a sauya bel ɗin tun kafin ya ɗauki lodin farko.