Zubi da taurari a ƙagaggun labaran Hausa

Zubi shi ne yadda marubuci ke jera abubuwan da suka faru a labari, taurari kuwa su ne mutanen cikinsa. Manazarta kan duba wanne ne ke jan ragamar littafi.

A Ruwan Bagaja (1934), wanda Abubakar Imam ya rubuta yana koyarwa a Katsina, zubi ya fi rinjaye: Alhaji Imam na yawo gari-gari, amma halinsa da na Malam Zurƙe ba su sauya ba. A Alhaki Kuykuyo Ne (1990) na Balaraba Ramat Yakubu kuwa, son zuciyar Alhaji Abdu da juriyar matarsa Rabi ne suka haifar da rikicin gidan da sakamakonsa.