Kafin Ka Sayi Kyamarar Tsaro, Tsaya Ka Ji Wannan

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Bara, ana saura 'yan kwanaki babbar sallah, aka kwance mana rago daga turke a nan Bagauda. Ba wanda ya ji motsi, sai igiya muka tarar da asuba. Abin da ya sa na zauna na koyi haɗa kyamara da kaina ke nan, kuma abin da na koya shi zan ba ku yau.

Farko dai, wuta. Kyamarar da ke mutuwa in an ɗauke wuta ado ce kawai, domin ɓarawo ma duhun yake jira. A yankinmu, daga Bebeji zuwa Kwanar Dangora har Tudun Wada da Doguwa, abin da ya fi mana shi ne mai aiki da sola, wadda ke da batirinta a ciki. Ka fuskantar da faifan solar kudu, inda ba inuwar bishiya. Da hunturu kuma ka riƙa goge shi duk mako, don ƙura na rage cajin.

Na biyu, sabis. Akwai mai amfani da Wi-Fi, akwai mai ɗaukar layin 4G. In ba ka da Wi-Fi a gida, ɗauki mai layi. Amma kafin ka tafi Sabon Gari sayayya, tsaya a daidai wurin da za ka kafa ta, ka gwada MTN da Airtel da Glo a wayarka. Wanda ya fi ƙarfi a wannan kusurwar, shi za ka saka. Musamman ku mutanen gefen dajin Falgore, kar ku tsallake wannan.

Na uku, ajiya. Saka mata memori mai giga 64 ko 128, ka saita ta ta riƙa ɗauka in ta ga motsi kawai. Kun ga ko sabis ya ɗauke, tana ajiyewa a memorin. Kuma ka rage leƙa ta a waya ba dalili: kallon awa ɗaya kai tsaye zai iya cinye kusan rabin giga.

Na huɗu, wurin kafawa. Nan na yi kuskure. Na ɗora tawa can ƙololuwa, sai hula da rawani nake gani, ba fuska. Mita biyu da rabi zuwa uku ya isa: hannu ba ya kaiwa, fuska kuma tana fitowa. Ka fuskantar da ita ƙofar zaure, turken dabbobi, ko ɗakin da ka jibge buhunan masara da shinkafa. Kar ta kalli fitila ko mafitar rana. Da daddare kuma hasken idonta na jawo ƙwari, gizo-gizo ya yi saƙa, hoton ya yi fari fat. Tsintsiya ce maganinsa.

Na biyar, kalmar sirri. Wallahi ka canza wadda ta zo da ita. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta shige dubban kyamarori ta irin wannan sakacin, har aka yi amfani da su aka durƙusar da Twitter da Netflix a Amurka. Wanda ya san kalmarka, gidanka yake kallo.

To, ga wanda ya fi duka nauyi. Kyamararka kar ta leƙa tsakar gidan maƙwabci. Matan aure ne a ciki, kuma haƙƙi ne. Ka kira shi ka nuna masa iyakar abin da take ɗauka, hankalin kowa ya kwanta. Ko a naka gidan, ba ruwanta da ɗaki ko banɗaki.

In kuma ta kama wani, kar ka yi gaggawar watsa shi a Facebook. Hoton dare na ruɗi, kama da wane ba ta wane. Kai wa mai unguwa ko 'yan sanda, su bincika. Rago ana sayen wani, amma in taro ya far wa wanda bai ji ba bai gani ba, ba a mayarwa.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.