Ɓawon Kwakwa Da Rainon Dashe A Ƙasar Zamfara

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana malamai da akawuna na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, a kan wani abu da mu ka raina, watau ɓawon kwakwa.

Kowa ya san kwakwa ba itacen ƙasarmu ba ce. Mu goruba da giginya Allah ya ba mu. Kwakwa tana son iskar teku da rairayin gaɓa, shi ya sa ta yi yawa a wajen Badagiri ta Ikko. Tun daga 1929, da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura ta kan Funtuwa da Gusau, kayan Kudu su ka sami ƙofar shigowa kasuwanninmu, yanzu kuwa motoci ke kawo su. Amma a feɗe kwakwa ta ke zuwa mana. Mu kan fasa ƙoƙon, mu sha ruwan, mu ci naman, ba mu san an tuɓe mata wata riga mai kauri tun can inda aka tsinko ta ba. Wannan rigar kuwa abu biyu ne a haɗe: akwai zare mai tauri, kamar kashi ɗaya cikin uku, sauran kashi biyun wata irin dusa ce mai laushi da ke tsakanin zaren.

Labarin zaren tsoho ne. Shehun matafiya Ibn Baɗuɗa, wanda ya yi alƙalanci a tsibiran Maldib wajen 1343, ya faɗi yadda mutanen can ke binne ɓawon a ramuka bakin teku har ya yi laushi, su buga shi da kulki, mata su murza igiya, a ɗinke allunan jirgin ruwa da ita maimakon ƙusa. Dalili kuwa, ruwan gishiri ba ya saurin cin wannan igiya. A 1859 aka kafa masaƙar farko ta zaren a garin Alafuza, ƙasar Kerala ta Indiya, a 1953 kuma gwamnatin Indiya ta yi dokar kafa hukuma musamman dominsa. Da shi a ke yin igiya, da buroshi, da cikon katifa, da tabarmar goge ƙafa, da raga wadda a ke shimfiɗa wa gangare don kada ruwa ya zaizaye shi. Ba zan daɗe a nan ba, gama mu ba a bar mu a baya ba wajen igiya. Muna da rama, da kaba, da ɓawon kuka, sai dai igiyar roba ta kashe wa masu tufka kasuwa.

Dusar ita ce abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da can zubar da ita a ke yi, ta taru tsibi tsibi a bayan masaƙu. Daga baya aka gane tana shan ruwa ninkin nauyinta sau da yawa, ta riƙe shi, ta kuma bar wa saiwa hanyar iska. Yanzu Indiya da Siri Lanka su na matse ta kamar bulo, su na sayar wa masu lambu a duniya. Bulo ɗaya mai kilo 5, in ya sha ruwa, ya kan kumbura ya kai lita 60.

To, jama'a, ku dubi halin da mu ke ciki. Fadamun Gagare da Bunsuru, inda iyayenmu ke yafa albasa da tattasai, a shekarun nan na rashin kwanciyar hankali ba kowa ke iya kwana a bukkar lambunsa ba. Da yawa sun koma rainon dashe a cikin gida, a gwangwani da tsohon buhu. Ƙasar tudu kuwa rairayi ce, ka ba ta ruwa da hantsi, kafin azahar ta bushe ƙayau, ga ruwan ma sai an saya a jarka.

Ni kaina na gwada, na kuwa sha kunya da farko. Wani ɗan'uwa ya aiko mini da bulo ɗaya daga Kano. Na jiƙa, na cika gwangwanaye, na shuka tumatir, ina ta cika baki gaban maƙwabta. Iri ya tsiro sarai, amma bayan kwanaki bakin ganyen ya ƙone, dashen ya tsaya cik. Ashe kurakurai biyu na yi. Dusar ta kan zo da gishiri a jikinta, musamman wadda aka jiƙa ɓawonta kusa da teku, dole a wanke ta da ruwan daɗi sau biyu ko uku a tsiyaye. Sa'an nan ita kanta ba ta da abincin kirki, rumbun ruwa ce kurum. A karo na biyu na wanke ta, na gauraya da ruɓaɓɓen takin awaki da ƙasa daidai wa daida. Wannan karon dashe ya yi kyau, ban ruwa sau ɗaya a yini ya ishe shi, alhali na cikin zallar ƙasa sai safe da yamma. Da na zo cirewa kuma saiwar ta fito gaba ɗaya ba ta tsinke ba.

Amma kada wani ya ji wannan ya sayar da akuyarsa ya sayo dusa don ya zuba a gona. Ba ta da arahar haka, amfaninta a wurin rainon iri ne, inda kaɗan ke isa. Abin da ke ba ni haushi shi ne a ɗauko ta daga Indiya, ta ƙetare teku, alhali ga ɓawo a Badagiri yawancinsa hura wuta a ke yi da shi. Motocin da ke kai shanu da albasa Ikko, da za a sami masu niƙa ɓawon can, ai ba za su rasa wurin buhu goma ba in za su komo.

Ina kuma roƙon malaman makarantu masu lambu su gwada namu na gida, su jera gwangwani uku, ɗaya da dusar kwakwa, ɗaya da ruɓaɓɓiyar ƙaiƙayin shinkafa, ɗaya da dakakken ɓawon gyaɗa, su rubuto wa jaridar nan abin da su ka gani. Ni na shuka nawa ranar Asabar da ta wuce.

Haza wassalam.

Ni ne,
Wani Malamin Makaranta,
Ƙaura Namoda.