Ightham Mote Gidan Barde Ne, Amma Ba Gidan Yaƙi Ba

Yawancin waɗanda suka ga hoton Ightham Mote, tsohon gidan nan da ke yankin Kent a kudancin Ingila, sukan ɗauka sansanin yaƙi ne. Ban ga laifinsu ba. Gwalalo cike da ruwa ya zagaye shi ta fuska huɗu, ga hasumiya a kan ƙofar shiga. Ga shi kuma mutum na farko da aka tabbatar ya mallake shi, wajen 1360, barde ne, wato Sir Thomas Cawne, wanda har yau mutum-mutuminsa ke kwance cikin sulke a cocin ƙauyen Ightham.

To amma a dubi inda aka kafa shi. A gindin kwari yake, tuddai na leƙensa. Mai shirin tarbar abokan gaba ba ya zama inda maharbi zai tsaya daga bisa ya sako masa kibiya. Ruwa ne ya ja magina zuwa kwarin, shi ke cika gwalalon da tafkin kiwon kifi.

Jikin ginin ma shaida ne. A Kent ɗin nan akwai ganuwar Rochester, wadda hasumiyarta ta haura mita 30, bangonta dutse zalla. A 1215 Sarki John ya shafe makonni yana kewaye da ita kafin ta miƙa wuya. Ightham Mote kuwa wani sashe na benensa katako ne da yaɓe, abin da wuta za ta lashe cikin dare ɗaya.

Ba na cewa gwalalon ado ne kurum. Yana tsare ɓarawo da ɗan fashi. Sai dai irinsa sun kai wajen 6,000 a Ingila, an fi haƙa su tsakanin 1250 da 1350, akasari kewaye da gidajen masu gandu da ke son a san matsayinsu. Harkar yau da kullum a irin wannan gida noma ce da karɓar kuɗin hayar gonaki.

Hujjar da ta fi gamsar da ni tana cikin ɗakin ibadar gidan. Sir Richard Clement, wanda ya saye shi a 1521, bai ƙara wa bango kauri ba. Rufin ɗakin ya sa aka ƙawata da furen wardi da rumman, tambarin Sarki Henry na Takwas da matarsa Catherine, don neman shiga a fada. Bayansa zuriyar Selby ta mallaki gidan daga 1591 har 1889, tana gyara ɗakuna da tagogi don jin daɗin zama.