Harajin gida da kuɗin makaranta a garuruwan Amurka

A shekarar 1647 mahukuntan Masacusets suka kafa doka cewa duk garin da ya kai gida 50 dole ya ɗauki malamin karatu da rubutu, wanda ya kai gida 100 kuma ya buɗe makarantar gaba. Tun daga lokacin ɗawainiyar makaranta ta rataya a wuyan gari. Har yau a garuruwa da dama na jihar Bamont, ranar Talatar farko ta watan Maris jama'a kan cika zauren taro, a zaɓi mai jagorantar zama, a baje kasafin makaranta: albashin malamai, gyaran rufi, man motar ɗaukar ɗalibai. Manomi ya miƙe ya tambayi dalilin ƙarin malami, a amsa masa a bainar jama'a, sannan a kaɗa ƙuri'a. Wannan tsari ya cancanci yabo, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da wuya kuɗi ya yi ɓatan dabo a gaban maƙwabtan da suka biya shi.

Aibin yana wajen tushen kuɗin. Galibin abin da gari ke tarawa daga harajin gidaje da filaye yake fitowa, gwargwadon darajarsu a kasuwa. Garin da ke da manyan gidaje da masana'antu zai yanka haraji kaɗan ya tara da yawa, garin talakawa kuwa ya ƙuntata wa kansa amma ya tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Shari'ar da Demetrio Rodriguez da wasu iyaye suka shigar a 1968 a San Antoniyo ta jihar Tekzas ta fito da wannan fili. Gundumar Edgewood, mazaunin talakawa 'yan asalin Meziko, ta fi unguwar masu hali ta Alamo Heights tsananin haraji, amma dala 26 kacal take samu kan kowane ɗalibi daga harajin, ita kuwa Alamo Heights dala 333. Ko bayan an haɗa da tallafin jiha da na tarayya, lissafin ya tsaya a dala 356 da dala 594. A 1973 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce tsarin mulkin ƙasa bai hana haka ba, sai rigimar ta koma kotunan jihohi.

Abin da ya dace shi ne a raba abu biyun da aka daɗe ana haɗawa: shawara ta zauna hannun gari, asusu ya koma na jiha baki ɗaya. Bamont ta gwada. A 1997 kotun ƙolin jihar ta rushe tsohon tsari a shari'ar Brigham, majalisa kuma ta yi dokar da ake kira ta 60, wadda ta tattara harajin makaranta a asusu guda. Gari na nan yana kaɗa ƙuri'arsa, sai dai garuruwa biyu da suka zaɓi kashe kuɗi daidai kan kowane ɗalibi, ma'aunin harajinsu ɗaya ne.

Garuruwa masu arziki sun yi kukan ƙwace, har Killington, mai dutsen wasan zamiya a ƙanƙara, ta kaɗa ƙuri'ar ɓallewa zuwa jihar Niyu Hamsha a 2004, abin da bai yiwu ba. Wannan kuka bai da ƙarfi sosai. Dutse da gidajen hutun baƙi ne suka ɗaga darajar ƙasar garin, kuma da yawa daga masu share otal-otal ɗinsa a maƙwabtan garuruwa suke kwana, can 'ya'yansu ke karatu. Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: idan asusu na kowa ne, mai ƙuri'a ba ya ganin yadda hannun da ya ɗaga ya zama lambar da ke kan takardar harajinsa, domin abin da sauran garuruwa suka kashe shi ma yana shafarsa. An ga haka a Maris na 2024, lokacin da hasashen tashin haraji ya sa aka yi watsi da kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafin makarantun jihar. Wannan hujja ce ta sauƙaƙa lissafin yadda manomin can zai iya binsa da fensir, amma ba ta kai ta mayar da yaron garin talakawa ga darajar gidan ubansa ba.