Wa Za a Tambaya Kafin a Sayi Kaya a Yamai?

Wanda zai sayi wayar salula ko batirin sola a Babbar Kasuwar Yamai ko a Katako, da wuya ya nemi rahoton wani injiniya. Maƙwabci yake tambaya, ko ɗan kabu-kabun da ya ɗauko shi: "Malam, wannan tana riƙe caji kuwa?" Kuma yana da gaskiya. Ƙwararren da ya gwada waya cikin ɗaki mai sanyi a Faransa bai ɗanɗana zafin Afrilu da Mayu ba, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, bai san ƙurar hunturu da ke toshe bakin caja ba, balle wutar NIGELEC mai zuwa da ɗaukewa. Tecno da Itel ba da yabon masana suka cika aljihun mutane ba. Sim biyu ne, da batir mai jimiri, da sauƙin kuɗi, sai baki ya kai wa baki labari.

Sai dai shaidar mai amfani iyakarta abin da ido ya gani ko jiki ya ji, kuma akwai kayan da sharrinsu ba ya fitowa da wuri. Matar da ta shafa man bilicin wata ɗaya za ta rantse yana da kyau, ga fata ta yi haske. Ba ƙarya take yi ba, amma ba ta da hanyar sanin ko akwai sinadarin makuri a ciki, wanda ke lalata ƙoda a hankali. Magani ya fi haka haɗari. A 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa dubban mutane a Nijar allurar rigakafi ta jabu. Da an tambayi wanda aka yi wa a ranar, cewa zai yi lafiya lau, domin allurar da babu komai a cikinta ba ta da wata alama. Irin wannan sai ɗakin gwaji kamar LANSPEX, ba majalisar ƙofar gida ba.

Wani zai ce ai masana ma ana sayensu. Ana yi. Amma wanda ke yabon sabulu a TikTok bayan ya karɓi 'yan jakkuna shi ma sayayye ne, kuma shi ba lasisin da za a ƙwace masa. Akwai kuma mutumin da ake mantawa da shi, wato mai gyara. Ba shi da takardar jami'a, amma wayoyi da babura suna zuwa gabansa kullum a buɗe, ya san samfurin da allonsa ke saurin mutuwa da wanda kayan gyaransa ba sa samuwa a gari. Mai amfani waya ɗaya ya sani, shi kuwa ya ga cikin ɗaruruwa.

Don haka in waya ce ko babur, a tambayi wanda ya shekara da shi, sannan a biya ta wurin mai gyara. In abin sha ne ko na shafawa, a bar mai tallar magani a faranti, a nufi farmasi.